Zumar Mapul da Dazukan da Ke Ba da Ita: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, wai da gaske ne zumar mapul daga jikin itace ake tatsar ta? Me ya sa take da tsada haka?

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Mapul itace ne da ke fitowa a dazukan Kanada da arewacin Amurka. Sai dai abin da ke fitowa daga itacen ruwa ne tsararo, sukarinsa kimanin kashi 2 cikin 100 ne. Sai an tafasa kimanin lita 40 kafin a samu lita 1 ta zuma, tsadar ke nan. Ana sauke ta idan sukarin ya kai kashi 66 cikin 100, wato tana tafasa a wajen digiri 104 na ma'aunin Selsiyos. In an sauke da wuri ta yi tsami, in an wuce ta daskare ta koma ƙanƙarar sukari. Lardin Kebek na Kanada ne ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar duniya, a Amurka kuma jihar Bamont ce kan gaba.

Tambaya: Hudar da ake yi wa itacen duk shekara ba ta kashe shi?

Amsa: Ba ta kashe shi in an bi ƙa'ida. Ba a huda itacen da kaurin gindinsa bai kai santimita 25 ba, kuma kafin ya kai haka yakan shekara 40. Rami ɗaya ake yi, faɗinsa milimita 8, zurfinsa santimita 4 zuwa 5, a ɗan karkace shi sama don ruwan ya gangaro. Ba a yin rami na biyu sai kaurin gindin ya haura santimita 45.

Inda ake yin ɓarna shi ne wurin zaɓen gurbi. Kowace huda tana barin tabo a cikin itacen, dogo sama da ƙasa, wanda ruwa ba ya sake bi har abada. Wanda ya huda kan tsohon tabo zai ga ɗiɗɗigar itacen da abin huda ya tono ta fito ruwan kasa maimakon fara, kuma ba zai samu abin kirki ba. Shi ya sa ake matsawa gefe duk shekara ana zagaya gindin. In hudar ta fi sabon naman da itacen ke yi yawa, wata rana a nemi wurin hudawa a rasa. Haka mai buga bututun tarar ruwa cikin ramin da ƙarfi, tsaga ɓawon yake yi.

Tambaya: Na ji ana cewa ɗumamar yanayi za ta kawo ƙarshen wannan sana'a. Haka ne?

Amsa: An ɗan yi ƙari, amma akwai abin damuwa. Ruwan ba ya zuba sai dare ya daskare, rana kuma ta narke, kuma wannan yanayin mako 4 zuwa 6 ne kawai tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu. Da zafi ya shigo da wuri itacen ya fara toho, zumar ta canza ɗanɗano, kaka ta ƙare. Haka aka yi a 2021, har manoman Kebek suka buɗe rumbun ajiyarsu suka fitar da kimanin kilo miliyan 22.

Rumbu yana maganin shekara ɗaya ne, dajin kuwa sai an kula da shi. Saiwar mapul ba ta da zurfi, dusar ƙanƙara ce bargonta, in ta yi ƙaranci sanyi ya ƙone saiwar. Ruwan sama mai asid ya wanke kalsiyam daga ƙasa, shi ya sa wasu ke gwada ƙasarsu su watsa farar ƙasa. Ga kuma wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni daga Asiya da aka gano a Niyok a 1996, wanda maganinsa sare itacen da ya kamu.

A ganinmu kuskuren da ya fi waɗannan muni na mai dajin ne: ya sare komai ya bar mapul zalla don ya ƙara bututu. Daji mai iri ɗaya tsutsa na cinye ganyensa a kaka guda, guguwa kuma ta ratsa shi, kamar yadda ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 ya kakkarya rassa a kudancin Kebek. Shawarar masana ita ce a bar aƙalla kashi 25 cikin 100 na wasu itatuwa, a bar matattun kututture don tsuntsaye masu cin ƙwari, kada a shigar da tarakta ƙasa na jiƙe, a kuma kare ƙananan mapul daga barewa, don su ne za a huda nan da shekara 40.