Likita, ƙarancin jini ne ko ciwon damuwa?

Wata mai jego daga Garwa ta rubuto: "Wata uku da haihuwata, kullum a gajiye nake, ga kuka ba dalili. Uwar mijina ta ce jinina ne ya yi ƙasa."

'Yar'uwa, Allah ya raya. Maganar surukarki akwai ƙamshin gaskiya. Sinadarin ƙarfe, wanda ake rubutawa "fer" a takardar asibiti, da shi jini ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki, kuma ƙwaƙwalwa na buƙatarsa wajen haɗa sinadaran da ke daidaita yanayin rai. Ciki yana cinye shi, haihuwa ta zubar da wani, zazzaɓin cizon sauro kuma ya ƙara rage jinin. Sai mace ta wayi gari da kasala, jiri da mantuwa. Ki je a gwada jininki. Idan awon ƙarfin jini, wanda ake rubutawa "Hb", ya gaza 12, akwai ƙaranci. Ki riƙa cin hanta, kifi, wake da zogale, ki matsa lemun tsami a kai. Shayin nan da muke kurɓa da an sauke cokali, ki jinkirta shi awa ɗaya ko biyu, domin yana hana hanji tsotse ƙarfen.

Amma kukan nan ya fi tsaya min a rai. Baƙin cikin da ya haura mako biyu bayan haihuwa ciwo ne mai zaman kansa, yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne. Ki faɗa wa ungozoma ko likita baki da baki. In har tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, yau za ki je, kada ki kwana.

Wani malami daga Marwa ya ce: "Na ji zinki na maganin damuwa, in saya?"

Malam, bincike ya nuna masu ciwon damuwa sukan kasance da ƙarancin zinki, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, a jininsu, sai dai wanda damuwa ta kama ba ya cin abinci sosai, to wanne ya jawo wanne? Ƙwayar kan iya taimaka wa maganin likita, ba ta maye gurbinsa. Wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci kuma yana rage sinadarin tagulla da jiki ke buƙata. Gero da dawa suna da sinadarin da ke riƙe zinki, amma jiƙawa da tsimawa, irin yadda iyayenmu mata ke yin kamu, na rage wannan sinadarin mai riƙewa.

Wata Hajiya daga Kusiri tana tambaya ko maƙoƙonta na da alaƙa da mutuwar jiki da yawan barci.

Yana iya yiwuwa, Hajiya. Ƙullin nan na wuya, wanda kumburinsa ne maƙoƙo, da sinadarin aidin yake aiki. In ya yi sanyi, mutum ya yi nauyi, ya riƙa jin ɗari, ransa ya dushe. A yi miki gwajin TSH, wato gwajin jini da ke nuna yadda ƙullin ke aiki. Ki sayi gishiri mai aidin, ki adana shi a rufe, nesa da murhu.