Kafin ka sayi sabuwar ƙwaƙwalwar inji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da katafila mai haƙa, injinta na dizal ne irin na zamani mai kwamfuta. Wata guda ke nan tana ba ni ciwon kai. Da safe lafiya lau take tashi, amma da an yi awa ɗaya ko biyu ana aiki sai fitila ruwan ɗorawa ta kama, ƙarfinta ya ragu har ta kasa ɗaga cikakken bokiti. Lambobi biyu ne ke fitowa tare a allon direba: SPN 100 FMI 4 da SPN 102 FMI 4. Bakanikena ya canza sensar baƙin mai, wato 'yar na'urar da ke auna matsinsa, ba ta sauya zani ba. Yanzu ya ce ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ita ce ta lalace, in sayo sabuwa. In saya?

*Daga wani mai karatu*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ka kyauta da ka rubuto lambobin yadda suke, domin mafi yawan masu tambayata "ta nuna ja" kawai suke cewa, su bar ni da duba.

Waɗannan lambobi na tsarin J1939 ne, yaren da kwamfutocin manyan injuna ke magana da shi a tsakaninsu. Kowace lamba gida biyu ce. SPN na faɗa maka wurin da ake magana a kai: 100 matsin baƙin mai ne, 102 matsin iskar da turbo ke turawa cikin inji, 110 zafin ruwan inji, 190 gudun juyawarsa. FMI kuma na faɗa maka irin abin da kwamfutar ta gani, kuma nan ne bakanikenka ya yi tuntuɓe. Da a ce SPN 100 FMI 1 ka gani, wannan na nufin sensa na aiki kuma ta ce matsin mai ya faɗi ƙasa ainun. Sai a kashe inji nan take, ba a jira ƙarasa ramin. FMI 4 daban ne. Cewa yake wutar da ke dawowa ta wannan waya ta yi ƙasa da abin da lafiyayyar sensa za ta iya aikowa. FMI 3 kishiyarsa ne, wutar ta yi sama. Duka biyun zancen waya da wuta suke yi, ba su ce komai a kan man da ke cikin injinka ba.

Irin waɗannan sensoshi wayoyi uku gare su. Ɗaya tana kawo musu bolt 5 daga ƙwaƙwalwar, wadda ake kira ECM, ɗaya tana mayar da wutar, ta ukun kuma ita ke kai rahoto, galibi tsakanin rabin bolt da bolt huɗu da rabi. A injuna da yawa sensoshi uku ko huɗu a kan wayar bolt 5 guda suke, kamar gidaje a kan layin ruwa ɗaya. To ka duba: sensar mai da sensar iska ba abin da ya haɗa aikinsu, amma sun yi shiru a lokaci guda, da irin lamba guda. Da wuya su mutu tare a daƙiƙa ɗaya. Abin da na fi zargi shi ne layin da ke ba su wuta. Ragin ƙarfin kuwa da gangan ƙwaƙwalwar ke yin sa: tunda ta daina ganin yawan iskar da ke shiga, sai ta rage man da take ba injekta, masu fesa dizal cikin inji, don kada ta yi ɓarna. Mai gadi ne ya rufe ƙofa da ya ji motsi, kai kuma ana ce maka ka kore shi.

Na taɓa cin wannan kashin da kaina, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Wata loda ce, motar ɗibar ƙasa, ta zo mini da kusan irin lambobinka. Na canza sensa biyu, na sa mai ita ya kawo wata ƙwaƙwalwar, aka ɗaura, aka fita aiki, kafin azahar fitila ta dawo. Ashe na bar jaki ina dukan taiki. A rana ta uku na bi damin wayoyin da hannu taƙi-taƙi, sai a ƙarƙashin wani maɗaurin ƙarfe kusa da kan inji na ji roba ta yi laushi. Da na buɗe, goguwar ba ta kai faɗin ƙwayar ashana ba, jan ƙarfen na ƙyalli. Inji na sanyi, wayar ba ta taɓa komai. Da ya yi zafi, roba ta saki, girgiza ta kwantar da ita a jikin ƙarfe. Taka matsalar ma da ba ta tasowa sai an yi awa guda, irin wannan warin nake ji.

Ga abin da za ka sa a yi. Da farko a ɗaura gejin mai na hannu a tabbatar matsin baƙin mai lafiya yake, domin muddin wannan lamba na kunne ƙwaƙwalwar ba ta ganin mai, ko ya ƙare ba za ta sani ba. Sannan a bari matsalar ta taso, a kashe inji a bar makulli a kunne, a sa mitar auna wuta a soket ɗin sensar a auna. In bolt 5 ya ɓace, a riƙa cire sensoshin da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wadda aka cire wuta ta dawo, ita ce ta lalace daga ciki take janye wutar 'yan uwanta, kuma sau da yawa ba ita ce lambar ta ambata ba. In an cire duka wuta ba ta dawo ba, a koma kan waya: mutum ɗaya ya riƙa girgiza damin gaɓa-gaɓa, ɗaya na kallon mita. A leƙa cikin soket da tocila, a nemi koren tsatsa, danshi, ko fil ɗin da ya koma baya. Taswirar wayoyin injinka ce za ta nuna waɗanne sensoshi ke kan layi ɗaya, kada a yi aikin da hasashe. Sai an raba damin daga ECM, an tabbatar ba wayar da ke taɓa ƙarfe, amma har yanzu ba ta fitar da bolt 5, sannan za a fara zancen ƙwaƙwalwa.

Ko ta kai ga sayen, ka sani ba ɗaurawa kawai ake yi ba. Sai an zuba mata manhajar da ta dace da injinka da na'urar kamfanin, Cat ET ga Caterpillar, INSITE ga Cummins, a wasu injunan har da lambar kowace injekta.

Tambaya: Direbana ya ce in an cire kan batir na minti goma lambobin matsala suna gogewa. Gaskiya ne?

Amsa: Fitila na iya mutuwa na ɗan lokaci, amma tsofaffin lambobi suna nan a ajiye, har da adadin sau nawa kowacce ta faru. Kuma gara da suke nan, da su bakanike ke bin sawu. Lokacin da lallai a cire batir, a cire soket ɗin ECM ma, shi ne in za a yi walda a jikin motar. A cikin ƙwaƙwalen da na ga sun ƙone da gaske, walda da haɗa batir a juye su suka fi ci.