Yadda za ki gane robar abinci tana cikin tumbin jariri

Sannu da jinya, maman jariri, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce an sallamo ku daga asibiti da robar hanci, wadda ke kai abinci tumbi, kina tsoron madara ta bi ta huhu.

Kafin kowace ciyarwa, duba alamar da nas ta yi a jikin robar, daidai bakin hanci, ko robar ta zamo. Sai ki zuƙo ɗan ruwan ciki ta robar da sirinji, ki ɗiga a takardar gwajin pH, wato mai auna tsamin ruwa. In 5.5 ne ko ƙasa, ki ba shi. In ya haura ko ba abin da ya fito, kada ki zuba komai, ki kira nas.

Masu hura iska su saurari ƙara, wannan dabarar tana yaudara, ki rabu da ita.

In jaririn ya shaƙe ko leɓensa ya yi duhu, ki dakata, ki garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH).