Zauren Masu Sana'a: Tambayoyinku Kan Ƙofar Gareji, Get da Ƙofar Shago

Wasiƙun wannan fitowa daga Kebbi da Zamfara suka zo, kuma duk a kan aikin ƙofofin ƙarfe ne. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama sakandare bara. Ina yawan ganin bidiyon masu haɗa ƙofar gareji mai tashi sama da rimot, kuma ina sha'awar sana'ar. Daga ina zan fara? Akwai ci a cikinta a nan wajenmu?
Wani matashi daga Jega

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Akwai ci, sai dai ba a irin wadda ka gani ba tukuna. Waccan mai falle-falle da ke hawa layi ta kwanta a ƙarƙashin silin, a Amurka ita ce ta kowa da kowa, amma a nan sai jefi-jefi a sababbin gidajen Birnin Kebbi da Gusau. Abin da ke kawo wa mai sana'a na cefane iri uku ne: get mai buɗewa gida biyu, get mai zamewa a kan layi, da ƙofa mai naɗewa ta shago da gareji. Jega kuwa garin kasuwa ne, ba za ka rasa ƙofar shagon da ke jiran gyara ba.

Saboda haka walda za ka fara koya, shekara 2 zuwa 3 a hannun maigida. Kada ka zaɓe shi saboda girman shagonsa. Nemi a nuna maka get ɗin da ya kafa shekarun baya, ka tura da hannu ɗaya. Idan ya tafi sumul, ka samu malami. A zauna gaban iyayenka a tsayar da magana kan tsawon koyo, kuɗin koyo da lokacin yaye. Ka fara da awo da yanka, sannan walda, sannan kafawa a wurin aiki, daga nan sifirin (naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai taimakawa wajen ɗaga ƙofa), wuta da inji su zo a ƙarshe. Yara da yawa na ɗokin riƙe tocilar walda su raina tef da lebul, alhali yawancin ƙofofin da ake kira a gyara ba waldarsu ce ta saki ba, awo ne ya kuskure tun ranar farko.

Kayan farawa: injin walda na inbata mai amfiya 200, garanda mai inci 4.5, injin huda, tef mai mita 5, lebul, sikwaya, igiyar gini, da abin rufe fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, shi ke sa yara kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi a ido. Ba za a dogara da wutar gari ba, don haka janareta kada ya gaza kVA 5. Ilaktirod (sandar walda) mai geji 12 yana son amfiya 60 zuwa 90, shi ya dace da faranti da faif marasa kauri. Geji 10 kuma 90 zuwa 130, don firam da hinji.

Takarda tana da amfani idan za ka nemi kwangila. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mataki na 3, na 2 da na 1, akwai jarrabawar NABTEB (hukumar jarrabawar sana'o'i da kasuwanci), kuma ITF (asusun horar da ma'aikata) da NDE (hukumar samar da aikin yi ta ƙasa) kan ɗauki matasa horo. Ka riƙa leƙa ofisoshinsu na jiha.

Tambaya: Ni mai walda ne. Na kafa wa wani Alhaji get mai zamewa, mita 4 a faɗi, 2.4 a tsayi. Bayan damina ya yi nauyi, sai mutum biyu sun tura. Yanzu ya ce in sa masa inji. Injin zai magance nauyin?
Mai walda daga Gusau

Amsa: A'a, Malam, ƙone shi za ka yi. Inji ba ya gyara get mai ciwo. Ƙa'idar ita ce, get ɗin da hannu ɗaya bai tura shi daga farko zuwa ƙarshe ba, bai isa a ɗaura masa inji ba.

Tunda bayan damina abin ya fara, layin ƙasa ne ya zauna. Ɗaura igiya daga wannan baki zuwa wancan, za ka ga inda ya lotsa, galibi tsakiyar mashiga inda tayar mota ke takawa. Idan a kan siririn daɓe ka shimfiɗa shi, a fasa a sake: rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 30 aƙalla, tsawonsa ninki biyu na mashigar, a sa rodi, a zuba kankare na siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A riƙa ba shi ruwa, kada mota ta hau kafin kwana 7. Layin ya ɗan fi ƙasa tudu domin ruwa da yashi su gangare. Duba tayoyin kuma: mai tsagin V a kan angul (ƙarfe mai kusurwa) take tafiya, mai tsagin U a kan rodi mai zagaye. Idan aka cakuɗa su, tayar na cinyewa ta gefe ɗaya. Boris ɗin (zoben ƙwallayen da taya ke juyawa a kai) da ya sha ruwa ya yi tsatsa a canza shi, giris ba zai dawo da shi ba.

Sannan ka lissafa nauyi, kada ka yi kintace. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da kilo 7.85 a kowace murabba'in mita. Naka murabba'in mita 9.6 ne, idan farantin milimita 1.5 ne, kilo 113 ke nan kafin a haɗa firam da ado. Idan fuska biyu ka rufe, ninka. Inji irin Centurion D5 an yi shi ne don get har kilo 500, yana aiki da batir mai bolt 12, abin da ya sa ya dace da inda wuta ke zuwa tana tafiya. Kada ka kai inji iyakar ƙarfinsa, bar masa rara.

Wajen ɗaurawa, bar tazarar kusan milimita 2 tsakanin haƙoran da ke jikin get da giyar inji. Idan get ya zauna a kan giyar, nauyinsa duka ya koma kan shaf, wato sandar da ke juya giyar. Yi waldar matsaya mai ƙarfi a ƙarshen layi ta kowane ɓangare, da tayoyin riƙo a sama, domin get ɗin da ya zarce ya faɗi yana iya kashe yaro. Ka yi wa injin inuwa: zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajarta ran batir ƙwarai. Toshe ramin da waya ta shiga, don tsaka da tururuwa na son ɗumin allon wutar, kuma su ke haɗa shi ya ƙone.

Tambaya: Ƙofar shagona mai naɗewa ce. Tun shigowar hunturu take cijewa, yarona ya zuba mata baƙin mai, ta yi sauƙi kwana biyu ta dawo fiye da da.
Wata 'yar kasuwa daga Ƙauran Namoda

Amsa: Hajiya, baƙin man ne ya ƙara dagula ta. Ƙurar hunturu na manne masa ya zama laka mai cin ƙarfe. A wanke hanyoyin gefe biyu da kananzir da buroshi, a goge su bushe, a bar su haka. Mai kaɗan a sama kawai ake sawa, wajen sifirin da boris.

Idan an wanke ba ta daina ba, mai gyara ya auna tazarar hanyoyin biyu a sama, tsakiya da ƙasa. Dole awon ya zo ɗaya. Ya duba ko wani falle ya zame gefe yana gogar hanya, ko an taɓa bugun ta da kaya ta lanƙwashe. Idan kuwa tana tafiya daidai amma nauyi ne, sifirin ya saki. Ana ƙara masa ƙarfi ne bayan an naɗe ƙofar sama an ɗaure ta, lokacin da ya fi sakewa. Wannan ba aikin yaron shago ba ne.

Tambaya: An kira ni wani gida mai ƙofar gareji 'yar waje, mai falle-falle. Maigidan ya ce ya ji ƙara kamar harbin bindiga da dare, da safe inji ya kasa ɗaga ta. Na ga dogon sifirin da ke saman ƙofar ya rabu biyu. Zan iya haɗa shi da walda?
Mai gyaran get daga Birnin Kebbi

Amsa: Kada ka kuskura, ɗan'uwa. Zafin walda yana kashe ƙarfen sifirin, zai sake tsinkewa a gefen waldar, wataƙila kana tsaye a gabansa. Ka fara cire injin daga wuta, domin ba shi ke ɗaukar nauyin ƙofar ba, sifirin ne. In aka ci gaba da danna rimot, giyarsa za ta cinye ko fallen sama ya lanƙwashe.

Tsinkewar ba laifin kowa ba ce. Sifirin na yau da kullum an yi shi ne don buɗewa da rufewa kusan sau 10,000. Gidan da ake buɗewa sau 4 a rana, shekara 7 ke nan. Idan biyu ne a kan shaf ɗin, canza duka, tsaransu ɗaya.

Wajen oda abu huɗu ake bukata: faɗin cikin sifirin (galibi inci 1.75 ko 2), tsawonsa idan ka haɗa gutsayen biyu, kaurin wayar, da hannun naɗinsa. Kaurin waya ana samun sa ne ta auna zobe 20 a matse a raba da 20. Launin kan sifirin ke nuna hannun naɗi: mai jan launi a kai hagu yake zama idan kana cikin gareji kana kallon ƙofar, mai baƙin kai dama. Sifirin da ya fi ƙarfi yakan sa ƙofa ta tashi da kanta, wanda ya gaza kuma ya bar wa inji wahala.

Ita wannan, saɓanin ƙofar shago, tana rufe ake ɗaure sifirinta. Danne ta da kilam (abin matsewa) a jikin layi don kada ta zabura sama. Sanduna biyu na ƙarfe ake amfani da su wajen murɗa sifirin, tsawon inci 18, kauri rabin inci, masu cika ramin kan sifirin daidai. Sukudireba ko guntun rodi na iya zamewa, kuma a nan ne ake karya yatsu da haƙora. Tsaya a gefe, kanka kada ya yi saiti da sanda, kuma kada ka zare ɗaya sai ɗayar ta shige har ƙarshe. Kwatan juyi ɗaya-ɗaya ake yi ana ƙirgawa: ƙofa mai tsayin ƙafa 7 a kan daram (gangar da igiyar ƙarfe ke naɗuwa a kai) na inci 4 tana ɗaukar kusan juyi 7 da rabi, kwata 30 ke nan. Maƙalan ƙasa da igiyar ƙarfe ke ɗaure a jiki, kada a kwance su muddin sifirin na ɗaure. Idan ba ka taɓa yi ba, na farko ka yi shi tare da wanda ya saba.

Bayan an gama, ɗaga ƙofar da hannu zuwa rabi ka saki. Idan ta tsaya, ta daidaita. In ta sauko, ƙara kwata ɗaya. In ta haura, rage. Sannan ka mayar da inji. Idanun tsaro biyu na gefen ƙofa, masu hana ta rufewa idan wani abu ya gitta, kada su wuce santimita 15 daga ƙasa. Shimfiɗa katako mai kaurin inci 1.5 a ƙasa ka rufe: da ta taɓa shi dole ta koma sama. Tun 1993 dokar Amurka ta wajabta irin wannan kariya a injinan gida, kuma gida mai yara a nan ya fi bukatarta. A gaya wa maigida ya riƙa goge idanun a lokacin hunturu, don ƙura kaɗai na hana ƙofar rufewa.

Tambaya: An yaye ni kwanan nan. Yaya zan yanke kuɗin aiki ban faɗi ba?
Sabon mai shago daga Yauri

Amsa: Allah ya sa albarka, ƙanena. Kada ka faɗi kuɗi a waya, je ka auna da kanka. Rubuta kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, sannan man janareta, faifan yanka, ilaktirod, fenti da kuɗin mota, waɗanda su sababbi ke mantawa. Farashin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, don haka rubuta cewa lissafin na kwana 7 ne, ka karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kayan duka a ranar. A takardar a ambaci kaurin faranti da girman faif, kowa ya riƙe kwafi, domin yawancin rigimar mai walda da mai gida a kan "ba wannan kaurin muka yi da kai ba" take tashi. Jan fenti na hana tsatsa kuma a shafa shi kafin a kafa, har ƙasan firam inda buroshi ba zai kai ba bayan an ɗora.