Amsa kan wanke guba daga jiki

Malama, kin tambaya ko jiƙon tsamiya da lemon tsami da ake sha da sassafe yana wanke guba daga jiki. Gaskiyar magana, hanta da ƙoda ne suke wannan aiki dare da rana, namu kawai shi ne mu rage musu nauyi. Ki yawaita shan ruwa mai tsabta, musamman lokacin bazara, har fitsari ya yi haske, ki kuma riƙa cin zogale, rama da wake. Abin da na fi jan kunne a kansa shi ne gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, domin gubar da ke cikinsu tana lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta, don haka a tsince ƙwayoyin da suka ɓaci a zubar.

Amma gubar dalma, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, ba jiƙo ke fitar da ita ba. Idan ana niƙa dutsen zinariya kusa da gidanku, wanda ƙurarsa kan iya ɗauke da dalma, ku kai yara asibiti a gwada jininsu.