Sound Blaster 16 a kan DOS: kiɗa na fita amma babu ƙarar bindiga

Malam, ka ce ka samu tsohuwar kwamfuta 486 mai DOS 6.22, ka sa mata katin sauti Sound Blaster 16, kiɗan wasan Doom na fita amma ƙarar harbi shiru. To katinka lafiya lau yake wlh, kar ka canza shi. Kiɗan ta ɓangaren FM (mai haɗa kiɗa a jikin katin) yake bi, shi baya buƙatar IRQ (layin da kati ke kiran processor da shi) ko DMA (hanyar da kati ke ɗaukar data kai tsaye daga memory), amma sauran sautin sai su biyun sun daidaita kafin ya fito.

Buɗe AUTOEXEC.BAT (fayil ɗin da DOS ke karantawa in an kunna kwamfuta) ka duba ko akwai wannan layin:

SET BLASTER=A220 I5 D1 H5 P330 T6

A220 adireshin katin ne, I5 shine IRQ, D1 da H5 kuma DMA. Amma fa layin nan baya canza komai a jikin katin, sanarwa ce kawai ga wasanni, so in katin mai jamfa ne (ƙananan filogi da ake saita kati da su) sai ka kashe kwamfutar ka zaro shi ka ga inda aka saita jamfar IRQ, in tana kan 7 ka maida ta 5 tunda 7 ta tashar firinta ce kuma suna iya karo. In kuma Plug and Play ne (wanda software ke saita shi) to sai ka loda CTCM (manhajar da ke saita katin) tukunna, in ba haka ba DOS bazata ma san da shi ba.

Sai ka shiga SETUP.EXE na Doom ɗin ka saka lambobin iri ɗaya, dan a zamanin DOS kowane wasa da nashi saitin. Nan ne ma na fi zargi gaskiya, fara dubawa ta nan.