Jemage a Lambun Mangwaro da Macijin da Aka Ce Yana Tashi

Tambaya daga wani mai lambu a Zuru: Malam, jemagu sun addabi mangwarona. Kullum da safe sai in tarar da ƙwallaye da ɓawo zube a gindin bishiya. Wane magani zan fesa su mutu?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma ka ajiye maganar guba. Jemagen da ke maka ɓarna shi ne babba mai cin 'ya'yan itace, kuma ƙamshin nunannen mangwaro ne ke kiransa, ɗanye bai dame shi ba. Don haka ka riga shi. Da zarar mangwaro ya ƙosa, kafaɗunsa sun cika, ka tsinke ka shimfiɗa a inuwa ya ƙarasa nuna a gida. Hakan ma ya fi maka, domin ƙosasshe ya fi nunanne jure jijjigar mota zuwa kasuwa. Ƙananan bishiyoyin aure kuwa ana iya lulluɓe su da raga mai ƙananan idanu, a ja ta ta yi tauri, don sako-sako kama tsuntsaye take yi. Mangwaron da ya faɗo a kwashe kafin magariba.

Dalilin da na hana guba shi ne, furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, kuma jemage ne babban mai kai musu barbara in ya zo shan ruwan furen. Ka ga ke nan kalwar daddawa da 'ya'yan kuka suna da hannunsa a ciki. Shi ke yaɗa ƙwallon kaɗanya a daji ma. Mai kashe shi don kwandon mangwaro ya taɓa tukunyar gidansa bai sani ba. Ga kuma haɗarin yara su tsinci abin da aka fesa wa guba.

Sai dai a kiyaye: kada a ci abin da jemage ya gatsa, kada a kama shi da hannu. Yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta 'yan uwan na haukan kare. A jikin jemage aka fara gano ɗaya daga cikinsu a Legas a 1956.

Tambaya daga wata Hajiya a Yauri: Kashin jemage ya taru a rufin tsohon ɗakinmu. Yana da amfani a gona?

Amsa: Sosai, Hajiya, taki ne mai ƙarfi. A yayyafa masa ruwa kafin a share, a rufe hanci, saboda ƙurarsa tana cutar da huhu. A cuɗa shi da takin gida ya ruɓe tukuna, in ba haka ba zai ƙone shuka.

Tambaya daga wani matashi a Argungu: Na ga bidiyon maciji yana tashi sama a Facebook. Akwai shi a fadamarmu?

Amsa: Bidiyon zai iya zama gaskiya, amma ba tashi yake ba, kuma ba a nan yake ba. Iri 5 ne, duk a Asiya, irin su Indiya, Sri Lanka da Indonesiya. Yakan rataya a reshe, ya cilla kansa, ya baza haƙarƙarinsa har jikin ya zama faffaɗa, sai ya rinƙa lanƙwasa a iska yana gangarowa zuwa wata bishiya. Ba ya iya yin sama kamar jemage, dafinsa kuma ba shi da ƙarfi ga mutum.

Kai dai ɗana, ƙasa za ka duba. Kububuwa da ke kwance ƙarƙashin damin kara ko tarin shinkafar da aka yanke ita ke kashe manoma a Arewa. Sa takalmin roba mai tsayi, ka riƙe tocila da dare, ka tura dami da sanda kafin ka sa hannu. In ta sari mutum kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, kada a tsotse. A hana shi yawan motsi, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar dafin maciji, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin zubar jinin takan biyo baya ne.